Kujerar Elvi

Ni dai ban taɓa ganin mutuncin babur ɗin tafiya kan dusar ƙanƙara mai kujera biyu ba. A wurina na baƙi ne, masu zuwa daga kudu su afka rami mu je mu ciro su. Tun aurenmu matata Elvi da nata babur, ni da nawa.

Bara likita ya hana ta tuƙi. Mantuwa ta ci ƙarfinta, har takan ɓata tsakanin gida da ɗakin wankan tururi da ke bayansa. 'Yarmu ta nace a kai ta gidan kula da tsofaffi. Na roƙa a bar mini hunturun bana. Idan har za ta zauna a bayana mu shiga daji tana sane da ni, to ba inda za a kai ta.

Shi ya kai mu shagon Darlene, mai sayar da babura a bakin gari.

"Reino Salmela! Kai da mai kujera biyu? Lallai duniya ta zo ƙarshe."

"Rufe mini baki, Darlene. Nuna mini kaya."

Sai ta lura da Elvi tana shafa labulen taga, dariyar ta ɗauke. Ta nuna mana guda biyu. Na farko majingininsa gajere ne, na ce a'a, wannan zai zubar mini da ita a kwana. Na biyu dogo ne, ba ya jijjiga mutum, yana da majingini har kafaɗa da mariƙi mai ɗumama hannu. Elvi ta hau ta laluba gabanta.

"Ina abin tuƙin?"

"Yau ke sarauniya ce," in ji Darlene. "Tuƙa ki za a yi."

Muka sa hular kwano muka fita gwaji a hanyar da ta ratsa dajin bayan shagon. Babur ya yi lafiya lau. Na ji Elvi tana karkata jiki a kowace kwana tun kafin ni, kamar da. Wallahi zuciyata ta fara sanyi.

Can muka yi kiciɓis da wasu samari a kan baburansu. A hanyar daji kowa yakan ɗaga yatsu ya nuna yawan baburan da ke biye da shi, na ƙarshe kuma ya dunƙule hannu. Na dunƙule nawa. A madubi na ga Elvi ta saki mariƙi ta ɗaga yatsa ɗaya. Na ce wa kaina sabo ne kawai, ai ita ce a gaba duk tsawon zamanmu, ni ina bin ta.

Da muka isa inda hanyar ta tsallaka titi, na tsaya na duba mota. Ta ƙwanƙwasa hulata.

"Bawan Allah, dakata. Mijina yana baya."

Na juyo na ɗaga gilashin hular. "Elvi, ni ne fa. Reino."

Ta dube ni da ladabi irin wanda ake yi wa direban haya.

"Ba a tsallaka titi a bar na baya," ta ce. "Yanzu zai iso."

Ban taɓa jin kaɗaici irin na wannan lokacin ba. Na kashe injin. Ta juya tana kallon hanyar da muka biyo, ni ma na juya, muka zauna muna jiransa.