Falankan Da Suka Ƙi Ruɓewa

Aikina a wurin gwaji shi ne in jira katako ya ruɓe. Idan na faɗa wa mutane haka sai su yi dariya, amma gaskiyar ke nan. Kamfaninmu na yin falankan da ake lulluɓe bangon gini da su ta waje, kuma kafin a fitar da sabon samfuri sai an shanya shi a filin baya, rana ta doke shi, ruwa ya jiƙa shi, a ga iyakar juriyarsa. Falanki ashirin da huɗu ne jere a kan maratayin ƙarfe. Sha biyu sun sha sabon maganin da shugabarmu Dakta ta haɗa, su muke kira masu riga. Sauran sha biyun ba a sa musu komai ba, su ne 'yan tsirara. An ajiye su ne don su lalace, a ga bambanci.

Duk Litinin nakan sauke su ɗaya bayan ɗaya, in ɗora a sikeli, in soka musu na'urar auna danshi, in rubuta. Falankin da ya sha ruwa nauyinsa ƙaruwa yake, daga nan ya yi baƙi, bakinsa ya tsage.

Wata takwas, har da damina guda a ciki, 'yan tsirara suka ƙi shan ruwa.

Ranar wata Litinin Dakta ta kira ni ofishinta. Ita ce shugabar gwaji, kuma ba ta ɗaga murya, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan. Takarduna na baje a gabanta.

"Ka san abin da rubutunka yake cewa?" ta tambaye ni. "Cewa yake maganin da na shekara biyu ina haɗawa, da shi da babu duk ɗaya."

"Abin da sikeli ya nuna nake rubutawa, Dakta."

"To ko dai inuwa kake samu ka zauna kana ƙirƙiro min lambobi, ko kuma wani na taɓa min katako. Makullin filin nan nawa ne?"

"Uku. Naki, nawa, da na Dogo."

"Ka taɓa ba wani naka?"

Na ce a'a, tun kafin in yi tunani.

Ta daɗe tana kallona. "An ce min wurin aiki huɗu ka bari kafin nan. Jumma'a manyan kamfani za su zo ganin sakamako. In har zuwa ranar ban san abin da ya faru ba, wannan zai zama na biyar."

Huɗun nan gaskiya ne. Na yi gyaran babur, na yi wankin mota, na yi shagon waya, na yi gidan burodi. Makaranta ma a aji uku na tsallake taga. Kawu, yayan Ummata, shi ya kawo ni nan da hannunsa. Shi ne kafintan da ke yanka falankan gwaji, bencinsa na cikin rumfar da ke jikin filin. Ranar da ya kawo ni ya ce wa Umma, "In wannan ma ya gudu, kada ki ƙara kirana."

Da na fito, Dogo na wanke injin feshin ruwa. Shi ke kula da ɗakin da ake yi wa katako ruwan sama na ƙarya. Ya dube ni ta gefen ido.

"Yaya, Tafiyayye? An ɗaure kaya?"

"Kai dai ka san abin da ka sani."

"Me na sani?"

"Surukinka ba a wancan kamfanin katakon yake ba? Na tsallaken titi?"

Ya ajiye tiyo. "Direba ne, ɗan rainin hankali. Direba! In ka ba shi falanki kujera zai yi da shi. Ni kuwa na sha ganinka ranar Asabar, ƙarfe biyu ka ɓace. Wa ya san ko Litinin ɗin ma haka kake auna su, daga nesa, da ido?"

Kwana biyu muna haka. In ya shiga fili sai in ga ina da aiki a bakin ƙofa. In na ɗauki sikeli sai ya zo ya tsaya a kaina wai iska yake sha. Har wayarsa na lura sabuwa ce, na ƙulla labari guda a kanta. Dakta kuma ta fara leƙo mu ta labulen taga. A raina har ita ban bari ba, na ce wataƙila maganin ne bai da amfani, take neman wanda za ta jinginawa.

Ranar Laraba aka yi ruwa da hantsi. Da ya ɗauke na shiga fili, na ga lambar falanki na sha bakwai, ɗaya daga 'yan tsirara, ta koɗe. Kowane falanki da lambarsa a bakinsa, wato wurin da zarto ya yanka. Na ciro maka, alƙalamin nan mai kaurin baki, zan sabunta. Maka ta ƙi kamawa. Na goga a tafin hannuna, ta rubuta. Na mayar kan katako, tawada ta dunƙule ta zame.

Na sunkuya na duba da kyau. Ruwan saman bai shiga bakin falankin ba, tsaye yake a kai ƙwaya-ƙwaya. Bakin yanka kuwa nan ne katako ya fi shan ruwa, ko ni na san wannan. Na kankara da farce, wani abu fari ya biyo. Na shinshina. Kyandir ne da kananzir.

Na bi 'yan tsirara duka sha biyu, baki da baya. Duk haka. Masu riga babu ko ɗaya.

Na san warin nan tun ina ƙarami. Kuma sai a lokacin ƙaryar da na yi wa Dakta ta dawo min. Duk Asabar, in zan zame kallon ƙwallo, Kawu nake bar wa makulli ya rufe min fili.

Na same shi a benci yana wasa kurfin sassaƙa. Gwangwanin madara na gefensa, da tsumma a ciki, warin nan na tashi daga cikinsa.

"Kawu, mene ne wannan?"

"Ka manta? Da shi na yi wa Ummarka ƙofar kicin, yau shekara nawa."

"Ka shafa wa falankan fili?"

Bai ko ɗago ba. "Na shafa wa waɗanda aka manta da su."

"Ba mantawa aka yi ba, Kawu! Da gangan aka bar su. So ake su ruɓe!"

Sai a nan ya ajiye kurfin. "Su ruɓe. Katako mai kyau irin wannan, babu ko ido ɗaya a jikinsa. Kai ɗan nan, shekara arba'in ina yanka katako, ban taɓa yanka shi na bar bakinsa a buɗe ba. Wanda ya koya min aiki da sai ya fasa min kai. Waɗancan an yi musu gata, su waɗannan marayu ne?"

"Sau nawa?"

"In na ga sun fara bushewa."

"Wata takwas?"

"Ai ka ga sun yi kyau," in ji shi.

Na gaya masa abin da Dakta ta ce game da Jumma'a. Ya ɗauki tsumman ya mayar. Sannan ya ce, ba tare da ya kalle ni ba, "Ba sai an faɗi suna ba. Ka ce ka gani kawai."

Na fita bakin titi na tsaya. Motoci na wucewa, ƙafata na ƙaiƙayi irin na da. Sau huɗu haka nake yi, in abu ya cakuɗe in kama hanya, ba sallama. Da na tafi, kowa zai ce ai dama, Kawu kuma ya zauna lafiya.

Washegari da safe na ɗauki falanki na sha bakwai da kofin ruwa na shiga ofishin Dakta. Na tsayar da shi a ƙasa, na zuba ruwan a bakinsa. Ya gangare ya jiƙa mata tabarmar ƙofa. Ta taso ta kankara da makullin motarta, ta shinshina.

"Wa?"

"Ƙarya na yi miki ranar Litinin. Ina ba da makullina duk Asabar."

"Ban tambaye ka makulli ba. Wa?"

Na ce, "Kawuna ne. Ba da mugunta ba. Tausayinsu ya ji."

Ta koma ta zauna, ta rufe fuska da hannu biyu. Ban san ko dariya take ko kuka ba, har yau ban sani ba. Da ta buɗe ta ce, "Wata takwas. Damina guda. Ni zan tsaya gaban mutanen nan gobe in ce musu tausayi."

Ba ta kore ni ba. Ta canza kwaɗo, ta ba ni makulli ɗaya, ta ce Asabar ɗin da na fita kafin shida kada in dawo. Kawu kuma ta hana shi taka filin har abada, ta ce ya yanka sababbin 'yan tsirara sha biyu, ni in tsaya a kansa.

Ya yanka su ranar Asabar. Dogo na bakin rumfa yana fito da gangan. Da zarto ya fita daga falanki na ƙarshe, hannun Kawu ya tafi gefen benci da kansa, yana lalube. Gwangwanin na cikin aljihuna tun safe.

Ya dube ni. "Ka girma," ya ce, kuma ban ji alamar yabo a ciki ba.

Yanzu sati bakwai ke nan. Na sha tara ya fara baƙi a baki, na sha huɗu ya tsage. Kawu yakan tsaya a bayan wayar da ta kewaye filin da tsakar rana yana kallonsu, hannu a baya. Makulli na wuyana, da shi nake wanka. Duk da haka, kowace Litinin kafin in ɗora falanki a sikeli, sai na kankara bakinsa da farce na shinshina.