Shafin Baya

Mishari bai taɓa karanta jarida daga gaba ba. Shekara hamsin, da ya dawo daga sallar asuba ya zaro ta daga akwatin da ke jikin ƙofar gida, sai ya birkice ta ya fara da shafin baya, inda ake jera sunayen waɗanda suka rasu. Farashin ɗanyen mai, rigimar 'yan majalisa, hoton minista riƙe da almakashi, duk su jira. Shi dai ya san wa ya tafi, ɗan wane ne, kuma a wane gida maza za su zauna karɓar gaisuwa.

A da, a tsohuwar unguwar Shark ta bakin teku, ba ruwan kowa da jarida. In an yi rasuwa, kafin a gama wanka kowa ya ji, don katangar laka ba ta riƙe magana. Sai mai ya zo, gwamnatin Kuwait ta saye gidajen ta rushe, ta ba kowa fili a sababbin unguwanni. Kowa ya samu bene da na'urar sanyaya ɗaki, kowa ya rasa maƙwabcinsa. Shafin bayan nan shi ne lungu ɗaya da ya rage wa mutanen Shark. Tun yana aiki a kamfanin mai a Ahmadi har ya yi ritaya, Mishari bai taɓa barin kwana ukun makokin ɗan unguwarsu sun wuce bai je ba. Da wannan yake taƙama, ba da agogon da kamfani ya ba shi ba.

Kwatsam jaridarsa ta daina fitowa a takarda. Wai masu talla sun koma waya, dole ita ma ta bi su. Akwai wasu jaridun, amma Mishari ya ce shi ba zai sake jarida yana ɗan shekara saba'in da tara ba. Wayar kuwa, rubutunta kamar ƙafar tururuwa yake a idonsa. Sai aikin ya faɗo kan 'yarsa Dalal, wadda ke karanto masa sunayen a tsaye, jaka a kafaɗa, tana sauri ta tafi banki.

"Karanto duka," in ji shi.

"Baba, mutum kusan talatin ne fa. Na karanto maka waɗanda muka sani."

"Ke wa kika sani? Ke da aka haifa a asibiti mai lif?"

Ta yi dariya, ta sumbaci kansa, ta fice. Ba mugunta ba ce. Yarinyar sunan zuri'a take dubawa: in gidan attajirai ne ko dangi ta karanta, in ba ta taɓa jin sa ba ta tsallake.

Wata Alhamis bayan la'asar ya leƙa kasuwar Mubarakiyya a gyara masa tasbaha. Sultan mai tasbaha, wanda shi ma tsohon ɗan Shark ne, yana zura zare ya ce, "Baban Dalal, kai dai ka sauke nauyi. Ni gwiwa ta hana ni zuwa wajen Ganim."

"Wane Ganim?"

"Ganim nawa ka sani? Ɗan mai garuwa mana. Yau uku."

Nan take Mishari ya tuna. Uban Ganim ne ke kawo musu ruwa a garwa, lokacin da jiragen ruwa ke ɗebo shi daga Basra, ana tace shi da mayafi kafin a sha. Ganim ne ya koya masa iyo, ta hanyar tura shi daga saman jirgin da ake gyarawa. Sunan gidansu bai taɓa hawa allon wani kamfani ba, ina Dalal za ta san shi? Kunya ta kama Mishari, ta haɗu da baƙin ciki. Da an kira magariba an tashi zaman, shi ke nan kuma har abada.

Sultan ya sa maƙwabcin shagonsa ya dubo adireshin a waya: wata sabuwar unguwa can kudu, bayan matatar mai. Yanki kaza, titi kaza, gida kaza. Adireshi ba masallaci, ba bishiya, ba sunan kowa, sai lambobi!

Ya ja tsohuwar motarsa ya bi babban titi, yara masu manyan motoci suna danna masa oda. A unguwar ya ɓata sau biyu, don gidajen duk kamarsu ɗaya. Rana ta yi ja kafin ya hango ƙaramin allo a bakin shataletale, an rubuta sunan gidan su Ganim da kibiya a ƙasa.

Zauren babba ne, an jera kujeru sun fi ɗari, amma mutanen ciki ba su kai goma ba. Wani magidanci ya miƙe daga kujerar farko. Goshin Ganim ne sak.

"Allah ya ƙara muku lada," in ji Mishari, yana haki.

"Ladanmu da naka, Baffa. Ni ne Badar, ɗansa. Ka yi haƙuri, ban gane ka ba."

"Mishari ne. Daga Shark. Ƙofarmu tana kallon tasu."

Badar ya riƙe hannunsa bai saki ba. "Kwana uku ina nan. Abokan aikina sun zo, maƙwabta sun zo, Allah ya saka musu. Amma duk ni suka sani, ba shi ba. Yakan ce mana, 'Ranar da na mutu ku ƙaro kujeru, Shark za ta cika gidan nan.' Shi ya sa na ƙaro."

Mishari ya dubi kujerun. Ya fara lissafa a zuci waɗanda ya kamata su zauna a kansu, ya ga duk shi ya je nasu makokin, ɗaya bayan ɗaya. Sai Sultan da gwiwarsa.

Ya nufi kujerar baƙi, Badar ya tare shi. "A'a, Baffa. Babana ba shi da ɗan'uwa a raye. Nan za ka zauna." Ya nuna kujerar farko, wurin babban gida, inda masu gaisuwa ke farawa.

Aka zuba masa gahawa. Bai kai ƙaramin kofin baki ba wani mutum ya shigo da sauri, makullin mota a hannu, yana so ya riga kiran magariba. Duk suka miƙe. Mutumin ya zo kan Mishari tukuna, ya kama hannunsa, ya sumbaci kafaɗarsa.

"Allah ya ƙara muku lada, Baffa. Ɗan'uwanka ne?"

 Mishari ya gyaɗa kai kawai, hawaye na bin gemunsa.