Maganin da Ke Hannun Ummulkhairi

A Kaura Namoda, duk wanda zai yi biki ko suna yana son a ce Ummulkhairi ce ta dafa masa. Wainarta da miyar taushe ta kai Zurmi, ta kai Shinkafi, har matan ma'aikata kan aiko tun kafin a sa rana don kada wani ya riga su. Mijinta Malam Abdulrahman malamin firamare ne, mutum mai sanyin hali.

Abin ya fara mata ne a gwiwar hannu. Fata ta yi kauri, ta yi duhu, ga wani farin ɓamɓaroki a sama yana zuba in ta sosa. Daga nan ya fito a gwiwoyin ƙafa da ƙeya. Wasu suka ce kirci ne, wasu suka ce sanyi. Ta shafa man kaɗanya, ta sha jiƙe-jiƙe, ba abin da ya sake. Sai ta koma sa riga mai dogon hannu, ta ci gaba da aikinta.

Mutum ɗaya ta nuna wa, Zubaida, ɗiyar ƙanen babanta da ke aure a Zurmi. Gida ɗaya suka tashi, kuma ita ma Zubaida dafuwar biki take yi, sai dai ba a nemanta kamar yayarta.

Ranar walimar saukar karatu a gidan wani kawunsu a Shinkafi, Ummulkhairi aka ba girki. Tana cikin zuba waina, tsakar gida cike da mata, Zubaida ta matso ta kama mata hannun riga ta yaye shi har sama.

"Jama'a, ni dai ba ni iya yin shiru a cuce ku," in ji ta da ƙarfi. "Ku dubi hannun da anka dafa muku abinci da shi. Wagga ba kuturta ba ce?"

Wata tsohuwa ta tofar da lomar da ke bakinta. Iyaye suka shiga fizge kwanoni daga hannun 'ya'yansu. Kafin la'asar an kwashe wainar duka an zubar a bayan gida. Ummulkhairi ba ta yi kuka ba. Ta sauke hannun rigarta, ta dubi Zubaida ido cikin ido, ta ɗauki mayafinta ta nufi tasha.

Daga ranar babu wanda ya sake aiko mata da aiki. Maƙwabta suka daina karɓar tuwonta. In ta je gaisuwa, tabarma daban ake shimfiɗa mata. Labari ya iske ta cewa Zubaida ba ta tsaya nan ba, gida-gida take bi a Zurmi da Kaura tana ƙara wa maganar gishiri, kuma duk aikin da ya kuɓuce wa Ummulkhairi hannunta yake faɗawa.

Malam Abdulrahman ne ya matsa suka tafi asibiti a Gusau. Likitar fata, wata mace mai suna Sa'adatu, ta duba ta da hannu ba safa, ta ce ba kuturta ba ce, sunan ciwon soriyasis, kuma ba a ɗaukarsa ko an ci abinci kwano ɗaya. Garkuwar jiki ce ke tunzura fata ta riƙa yin sabuwa kafin tsohuwa ta fita, kuma yakan bi dangi. Ba ya warkewa ƙaƙaf, amma yana lafawa.

Ta rubuta mata man shafawa, sannan ta tambaye ta me take ci. Ummulkhairi ta lissafa: soye-soyen da take ɗanɗanawa wurin aiki, shayi mai sukari da yawa, lemon kwalba.

"Akwai ƙananan halittu da ke zaune a hanjin kowa, ido ba ya ganinsu," in ji likitar. "Yawancinsu amfani suke mana, kuma suna da alaƙa da garkuwar jiki. Masu bincike sun ga na masu irin wannan ciwo sun ɗan bambanta da na sauran mutane. Ba a gama gane komai ba tukuna, kada ki ce na ce miki abinci kaɗai magani ne. Amma ki rage sukari da maiƙo, ki yawaita wake da ganye da gero da kindirmo. Ki kuma rage sa damuwa a rai, tana tayar da shi."

Ummulkhairi ta bi duk shawarwarin, ban da ta ƙarshen. Ta daina lemon kwalba, ta koma kwaɗon zogale da rama, da fura ba sukari. Wata Bafillatana daga Kasuwar Daji, Kyauta, ita ke kawo mata kindirmo, kuma ita kaɗai ce ba ta taɓa ƙyamar karɓar ƙwarya daga hannunta ba. Duk lokacin da Ummulkhairi ta ɗaga furar nan marar zaƙi, Zubaida take tunawa, ta shanye tas. A hankali ta rage jiki, ƙaiƙayi ya ragu, ɓamɓarokin ya zube ya bar tabo mai duhu. In ta yini tana saƙa abin da za ta yi wa ƙanwarta, ciwon ƙeyarta yakan tashi. Ta san dalili, ba ta fasa ba.

Damina biyu ta wuce. Wata safiya sai ga Zubaida ta yi sallama, tare da ɗiyarta Karima, budurwa 'yar sakandare, ta lulluɓe har yatsu duk da zafin da ake yi. Zubaida ta durƙusa tun daga bakin ƙofa.

"Yaya Ummu, ki dubi Allah."

Zubaida ta buɗe hannun yarinyar. Ummulkhairi ta gane abin tun kafin ta matsa. An cire Karima daga makaranta, an ɓoye ta a ɗaki, an kai ta wurin masu magani har Moriki. Asibiti kuwa Zubaida ta ƙi, tana tsoron a ce kuturta ce magana ta fita.

"Kowa ya ga kin warke, Yaya. An ce wani asirin magani kinka samo. Ki taimake ni da shi, ko mi kike so ni yi."

Ummulkhairi ta ga ranar da take jira ta zo. Ba ta gyara mata zancen asirin ba.

"Akwai shi," ta ce. "Amma sai kin biya da ƙafarki. Zan soya waina da wanga hannu. Ki ɗauka bisa kai, ki bi duk gidan da kinka kai sunana, nan da Zurmi da Shinkafi. Ki ci gabansu, ki ce ƙarya kinka yi mini, ki kuma faɗi dalili. Ki ce hassada ce. In kin tsallake gida ɗaya, zan ji."

Da Malam Abdulrahman ya dawo ya ji, ransa ya ɓaci.

"Ummu, yarinyar nan mi ta yi miki? Ki gaya musu su tahi Gusau kawai."

"Malam, ranar da anka zubar da abincina kamar najasa, haƙuri ka ba ni, na kuwa yi. Yau ka bar ni. Ciwon ba ya kisa, ni shaida ce."

Malam ya tashi ya fita masallaci.

Zubaida ta bi gidajen. Ta hau mashin zuwa Zurmi da kwano a cinya, a hanyar da mutane ke tsoron bi saboda 'yan bindiga. A wasu gidajen aka yi mata dariya, a wasu aka zage ta, wata gwaggonsu ta kore ta da tsintsiya. A Shinkafi Ummulkhairi da kanta ta je, ta zauna a kujera, tana kallon ƙanwarta tsaye tsakiyar mata tana tauna waina da hawaye, tana cewa, "Hassada ce ta sa ni." Ummulkhairi ta sa ta maimaita, wai na bayan ba su ji ba.

Da aka gama, Zubaida ta dawo Kaura ƙafa a kumbure ta miƙa hannu. Ummulkhairi ta ajiye mata ƙwaryar kindirmo, da mudun wake, da daurin zogale, ta faɗa mata sunan likitar da ranar da take ganin marasa lafiya.

"Shi ke nan?" in ji Zubaida. "Ina asirin?"

"Babu wani asiri. Da kin tambayi Malam a hanya, da ya gaya miki kyauta."

Zubaida ta zauna daɓas a ƙasa.

Aiki ya dawo wa Ummulkhairi fiye da da. Zubaida kuwa ba wanda ya sake ba ta girki, sunan maƙaryaciya ya bi ta har kasuwa. Karima ta ga likita, ta samu sauƙi, ta koma makaranta. Wata rana ta biyo da kanta ta gaishe da Ummulkhairi, sannan ta ɗago kai.

"Inna Ummu, kwanakin da Mama ke yawon nan, ni ina ɗaki ina sosa har jini. Kin sani?"

"Na sani."

"Da za a maido da ranar, za ki sake?"

Ummulkhairi ta dubi yarinyar. Ta ji tausayinta, amma ta ƙi yi mata ƙarya.

"Zan sake," ta ce. "Sai dai wannan karon ke zan fara aikawa Gusau a ɓoye, uwarki ta yi ta yawonta."