Keken Baba Tela Ya Yi Shiru

Makulli na uku ne ya buɗe ƙofar. Mai kula da benen ya tura ta, ta motsa kamu ɗaya ta cije, wani abu ya tokare ta daga ciki. Ya zura kai ya leƙa, ya janye a hankali, ya dubi Auta.

"Koma ɗakinku," in ji shi. "Zan kira motar asibiti."

Ba ta koma ba. Ta riga ta hango ƙafar Baba Tela a ƙasa, da silifas ɗaya da ya fice ya kife.

Wata biyar ke nan da zuwan Auta wannan birni, wurin yayarta mai aikin jinya, a hawa na tara. Makon farko duk wanda ta haɗu da shi a lif sai ta gaishe shi har da tambayar iyali, mutane kuwa su kafe ido a kan lambobin hawa kamar ba da su take ba. Ta sha kuka a banɗaki, ba sau ɗaya ba.

Baba Tela ne ya tsamo ta. Bango ɗaya ya raba ɗakinsa da nata, kuma ban da yayarta shi kaɗai ke jin harshenta a benen nan. Shekara arba'in ya yi a garin. Da ƙafa ta gaza kai shi shago sai ya dawo da keken ɗinkinsa gida, yana rage wa mutane tsawon wando. Shi ya nuna mata jirgin ƙasan da zai kai ta otal ɗin da take aikin guga, da kwandon da ake zuba kwalba, da wanda ake zuba takarda.

Wata safiya ta buga masa ƙofa don gaisuwa, kamar kullum. Ya buɗe da tef ɗin awo a wuya.

"Ke 'yar nan, ɓalle min ƙofa za ki yi? A nan ba a buga wa mutum ƙofa haka siddan. Waya ake yi. In bai ɗauka ba, ya sallame ki ke nan."

"Ko gaisuwa, Baba?"

"Ko gaisuwa. Ni na saba da ƙauyancinki, wani kuwa 'yan sanda zai kira miki."

Ya kwashe da dariya, ya ja ta ciki, ya haɗa mata shayi da hannunsa. Auta ta riƙe maganar, ta manta da shayin. Kalmar ƙauyanci ta tsaya mata a rai, don ba abin da take so a duniya irin a ce ta waye. Daga ranar ba ta ƙara taɓa ƙofarsa ba. Kunne ta koma sawa: ƙarfe bakwai keken zai fara ruri ta bango, ta san tsoho ya tashi lafiya, ta ɗauki jakarta ta wuce.

Ranar Litinin keken bai tashi ba. Ta kira wayarsa, tana jin ƙararta ta bango har ta katse. Ya sallame ta ke nan.

Ranar Talata tana ɗaura ɗankwali ta ji wani ƙwas-ƙwas can ƙasan bangon, ya yi ya tsaya, ya sake yi.

"Yaya, kin ji?"

"Bututun ruwa ne, kullum haka yake," in ji yayar, tana neman katin aikinta. "Ƙila ya tafi wurin ɗansa. Don Allah kada ki ja mana magana a benen nan, yanzu kika fara zama mutum."

Auta ta fito ta tsaya a ƙofarsa. Ta ɗaga hannu har ta dunƙule shi. Wani mai kare ya fito daga lif ya kalle ta, kunya ta rufe ta, ta mayar da hannun ta gyara ɗankwalin da ba abin da ya same shi. Saƙo ta tura masa daga cikin jirgi: Baba, ina kwana, lafiya dai?

Laraba ba ƙwas-ƙwas, ba keke. Sai yau Alhamis, bayan ta ƙone kwalar rigar wani baƙo saboda hankalinta ba ya jikinta, ta baro aiki da rana ta je ta samo mai kula da benen.

Masu motar asibitin ba su yi gaggawa ba, tun daga nan ta gane. Wata mace a cikinsu ta fito tana cire safar hannu.

"Ke 'yarsa ce?"

"Maƙwabciya. Yaushe ya cika?"

"Bai daɗe ba. Jiya, ina jin. Faɗuwa ya yi, ƙugu ya karye, ya ja jiki ya kasa kaiwa ga makulli."

"Da an buɗe ranar Talata fa?"

Matar ta dube ta, ta naɗe safar. "Ba laifin kowa ba ne," in ji ta.

Auta ta so ta yarda, amma da aka fitar da shi ta ga almakashinsa a ƙasa, jikin bangon ɗakinta, da 'yan tabo inda fenti ya ɓare. A kan keken kuma rigar sanyinta ce, wadda ya ce hannuwan sun yi mata tsawo. Ya gama ɗaya, ɗayan yana ƙarƙashin allura.

Da safe ta saka rigar haka nan, hannu ɗaya daidai, ɗaya ya rufe mata yatsu. Ba ta nufi lif ba. A ƙarshen barandar akwai wata tsohuwa mai sanda, wadda wata biyar ba su taɓa ce wa juna uffan ba. Auta ta naɗe dogon hannun rigar, ta buga ƙofar sau uku, ta tsaya. Can ciki ta ji sanda ta taɓa ƙasa, sannan jan silifas yana matsowa a hankali.