Ranar da Ruwa Ya Kai Fangalin Ƙarshe

Kwana goma sha ɗaya Gado da ƙanensa Sabo suka yi suna haƙa rijiya a garkarsu ta albasa da ke bayan Jiga Birni. Tsohuwar rijiyar ta ƙafe mako guda bayan sun gama dashe. Da jarkoki a kan babur suke ɗebo ruwa daga wajen maƙwabcinsu, dattijo Rufa'i, su ɗan yayyafa, amma ganyen ya soma kwanciya, bakinsa ya yi fari. Gado ya san in aka ƙara kwana uku a haka, noman bana ya tafi.

Rana ta goma sha biyu da hantsi, digar Sabo ta huda marmara. Daga can ƙasa ya kwarara ihu.

"Yaya! Ruwa, wallahi ruwa! Ga shi har ƙauri!"

"Kai dai maƙaryaci ne tun kana goye," in ji Gado, yana leƙe. "Turo in gani."

Guga ya hau da ruwa jajir, mai sanyi. Gado ya shafa a fuska, ya yi hamdala da ƙarfi. Nan da nan ya cika injin ban-ruwa da fetur, ya zura tiyo, ya ja igiya. Injin ya yi ta kuka, ko ɗigo bai fito ba. Ramin ya kai gaba shida, ya fi ƙarfin zuƙarsa.

"Mu kai shi ga ruwan mana," Sabo ya ce. "In sare mai wurin zama jikin bango, ka zuro man shi."

Haka aka yi. Sabo ya girka injin a kan ɗan dandamalin, ya danne shi da turaku, ya kwance igiyar da aka zuro injin da ita ya ɗaure bakin tiyo. Ja biyu injin ya tashi. Tiyon da ke sama ya yi tari, ya kumbura, sai ga ruwa yana feshi.

"To hito hakanan!" Gado ya ɗaga murya.

"In na saki tiyon, yashi zai sha! Tai ka kora ruwa, tsoho, ko sai an riƙa maka hwartanya?"

Gado ya yi dariya ya suri fartanya. Ya buɗe wa ruwa fangalin albasa na farko, ya cika, ya toshe, ya buɗe na gaba. Ƙasa tana shan ruwa har da ƙara. Layi na farko ya wuce, na biyu ya wuce. Ya ƙwala wa Sabo kira sau ɗaya don ya ba shi labari, bai ji amsa ba, ya ce ƙarar inji ce. Ya ci gaba.

Yana layi na biyar Rufa'i ya tsallako shinge yana murmushi.

"Barka, barka! An kai ga ruwa ke nan. Ina gwanin haƙan?"

"Yana ciki, Baba."

"Injin hwa?"

"Shi ma yana ciki."

Murmushin ya ɓace. Tsohon ya yar da sandarsa ya ruga, Gado ya bi shi bai san dalili ba. Hayaƙi ne shuɗi kwance a bakin ramin, ba ya tashi. Ta cikinsa suka hango Sabo zaune a ruwa, ya jingina da bango, kansa ya langaɓe a kafaɗa.

Gado ya zura ƙafa zai sauka. Rufa'i ya rungume shi ta baya, suka faɗi tare.

"Sake ni, Baba! Ƙanena ne!"

"Hayaƙin inji cikin rami guba ne, kana shiga gawa biyu za mu hiddo! Jama'a, ku kawo ɗauki!"

Masu garka suka taru. Sanusi, wanda ya fi kowa ƙarfi a cikinsu, ya ɗaure hanci da jiƙaƙƙen rawani, aka zura shi da igiya. Bai kai rabi ba jikinsa ya saki, aka jawo shi yana amai. Aka jefa ƙugiya don a fizgo injin, turakun suka hana. Wani ya hau babur ya nufi garin Aliero neman taimako. Sauran suka tsaya cirko-cirko, mutum uku na danne da Gado, injin kuwa yana ta aikinsa, don tankinsa cike yake.

Ba mai kora, ruwan ya fasa kan fangali da kansa, ya bi gangare, ya malale layi bayan layi. Gado yana kwance, kuncinsa a ƙasa, yana kallo har ya shiga fangalin ƙarshe na jikin shinge ya cika shi taf.

Sai bayan azahar injin ya yi tari ya mutu. Aka jira hayaƙin ya sarara, sannan Sanusi ya sake sauka ya ɗauro Sabo ta hammata.

Da aka shimfiɗe shi a gindin darbejiya, Rufa'i ya rufe masa ido, ya juyo.

"Gado, tashi. Matar Sabo, Iklima, na gida ba ta sani ba. Kai za ka gaya mata, kahin ta ji ga bakin wani."