Taliyar Manaja Mara Nauyi

Manaja mutum ne mai cika ƙofa. Shagon kujeru yake riƙe wa wani attajiri a bakin babban titi, kuma duk mai saye da ya yi shakkar ƙarfin kujera, sai Manaja ya faɗa kanta da duk nauyinsa, ya buga cinya ya ce, "Wadda ta ɗauke ni, wa za ta ƙi?" Ran nan wata kujerar cin abinci ta ƙi. Ƙafafunta na baya suka baje, Manaja ya tafi da baya, takalma sama, a gaban wata mata da mijinta da suka zo sayayya.

Ciwon kwankwaso ya kai shi asibiti, matarsa Malama ta raka shi bayan ta taso daga makaranta. Likitar mace ce mai gilashi, ba ta ɓarnar magana. Ta ce ƙashi lafiya lau, sannan ta nuna masa sikeli. Ya hau. Ta dubi sikelin, ta dube shi.

"Me ka fi ci?"

"Abin da Allah ya hore, Likita."

"Me Allah ya fi hore maka?"

Malama ce ta amsa. "Taliya. Da miyar madara mai kauri, wadda ake narka man shanu da cuku a ciki."

Likita ta ce ba za ta raba shi da taliya ba, amma a rage ta, a cika da ganye, miyar kuma a sauƙaƙa mata maiƙo don a rage kalori, wato ƙarfin abinci da jiki ke tarawa ya zama teɓa. Ta ce ya dawo bayan wasu watanni.

Kalmar nan ta kalori ta shiga ran Manaja. Kafin su iso gida ya gama gano cewa laifin na girkin Malama ne.

"Shekara da shekaru kina ɗura mini kalori ban sani ba," in ji shi. "Daga yau ni zan riƙa dafa taliyata."

"To, Baban yara. Ashana na kan taga."

Ranar hutu da hantsi ya ɗaura tawul a ƙugu, ya jingina waya da gwangwanin gishiri. A cikin wayar wata mata ce siririya kamar tsinke tana koyar da girki tana murmushi. Girkin nata rabi taliya ne, rabi kabeji yankakke siriri da karas da aka fere dogo-dogo. Miya kuwa farin kabeji ne dafaffe, a markaɗa da tafarnuwa da ɗan ruwan taliyar, a zuba yogot mara maiƙo. Manaja ya juye yogot cikin tukunya tana tafarfasa, nan take ya tsinke, ya yi gudaji-gudaji yana yawo a ruwa. Ya zagi kamfanin yogot tas, ya zubar, ya sake ɗorawa. A karo na biyu Malama ta shigo ɗaukar kofi, ta kashe gas ɗin ta wuce. Da ya zuba yogot bayan tafasar ta kwanta, sai miya ta fito fara sol, sumul, tana bin cokali.

Ya ɗanɗana, ya lumshe ido. Ba ta kai ta da ba, amma tana ciyuwa. Ya cinye faranti, ya ƙara, ya sake ƙarawa.

"Baban yara, na uku ke nan fa."

"Mara nauyi ce, Malama. Wannan ko tukunya guda ka ci, kamar iska ka sha."

Ita dai ta ɗebi nata daidai cikinta, ta ci, ta tashi.

Daga nan gyare-gyare suka soma shigowa, kowanne da hujjarsa. Cokali guda na man shanu, don kada miya ta kama gindin tukunya. Ɗan cuku, don ƙashi na bukatarsa, ga shi ya sha faɗuwa. Yogot yana sa shi tsamin baki, sai ya koma madarar gwangwani. Farin kabeji yana kumbura masa ciki, aka sallame shi. Kabejin da ke cikin taliya ya yi ta janyewa, har ya rage ganye ɗaya tal da Manaja ke ɗorawa a sama kamar shaida. Suna ne kawai bai taɓa ba. Malama ta ga abin ya fi ƙarfin magana, sai ta koma dafa wa kanta irin ta farko a ƙaramar tukunya.

A shago kuwa wa'azi ya kama. Duk wanda ya buɗe kular abincinsa, Manaja zai leƙa ya girgiza kai ya ce, "Kalori ke nan zalla, Allah ya kiyaye." Wata rana ya ɗiba wa Mai Taya, maƙwabcin shagonsa, daga tasa kular. Mai Taya ya kai loma, ya sake kai wata.

"Ranka ya daɗe, wannan ce ke rage tumbi?"

"Ita ce."

"Ashe da daɗi ake ramewa, muna nan muna wahala!"

Magana ta zaga layin. Mai Taya ya kawo Sarkin Fawa da mai kemis da wani dillalin motoci da ba ya iya ɗaure takalminsa sai ya riƙe numfashi. Suka kafa Ƙungiyar Masu Yaƙi da Tumbi, suka naɗa Manaja shugaba ba hamayya. Duk ranar hutu da azahar sukan taru a bayan shago, a girka babbar tukunya, a ci har a kwance maɓallin wando. In an gama sai su dubi juna.

"Kai, dillali, wuyanka ya fito fa."

"Kai ma kumatunka sun faɗa, wallahi."

Kowa ya koma gida da farin ciki.

Ranar komawa asibiti Manaja ya sa riga mai faɗi, ya shiga yana gaisawa da ma'aikata kamar mai zuwa karɓar lambar yabo. Ya hau sikeli. Likita ta cire gilashi, ta goge, ta mayar.

"Ka ƙaru."

"Sikelin nan dai a duba shi, Likita."

"Malama, ɗan hau mu gani."

Malama ta hau. Ita da ba wanda ya ce ta rage komai, ta ragu sosai.

"Kin gani?" in ji Manaja. "Girkina yana aiki. Jikin da ya kama ne ya kuskure."

Likita ta sa ya faɗi yadda yake dafawa, daki-daki. Yana faɗa muryarsa na raguwa. Da ya zo kan madarar gwangwani sai ta ɗaga hannu.

"To mene ne mara nauyi a ciki?"

Manaja ya yi tunani na gaskiya. "Akwai ganye a sama."

Ba ta yi dariya ba. Ta nuna masa awon jininsa, ta ce jinin ya hau, kuma hawan jini ba ya jin hujja. Ta ce ya ci gaba da girki in yana so, amma irin na farko, zubawa kuma aikin Malama ne, faranti ɗaya, ƙarami.  A hanyar gida tsoro ya kama shi, don mahaifinsa ma jinin ne ya kwantar da shi.

Makonnin farko ya sha wuya. Yakan cinye rabonsa ya zauna yana kallon tukunya kamar wanda aka yi wa ƙwace. Malama takan tura masa kokwamba, ya ci yana ƙunƙuni. Sannu a hankali dai bel ɗinsa ya matsa rami ɗaya, hawa bene ya daina sa shi haki. Har ya koyi gasa tafarnuwa kafin ya markaɗa, ya matsa lemon tsami a ƙarshe, miyar ta yi ɗanɗanon da shi kansa bai zata ba.

Da ya ga haka, sai ya kai wa ƙungiya girkin na gaskiya, da kabejinsa da komai, ya kuma zo da ƙananan farantai. Aka fara ci. Sarkin Fawa ya tona taliyarsa da cokali, ya ɗago zaren karas ya duba shi a haske.

"Shugaba, wannan ai abincin zomo ne. Ina mara nauyin tamu ta asali?"

"Waccan ita ce mai nauyin," in ji Manaja.

Aka yi ca a kansa. Dillali ya ce shi shaida ne, tun da ya fara cin waccan yake jin jikinsa sakayau. Mai Taya ya ce da ma ya lura kwanan nan Shugaba ya sauya, ya rame, ba ya da kwarjinin jagora. Nan take aka kaɗa ƙuri'a, aka tsige Manaja bisa laifin kauce wa manufa, aka naɗa Sarkin Fawa, wanda ya yi alkawarin ƙara ƙashin bargo a miya don lafiyar gwiwa.

Manaja ya tattara farantansa ya koma gida ransa a ɓace. Malama tana guga ya ba ta labari. Ta kife dutsen gugar, ta yi dariya har da riƙe ciki, shi ma da ya ga ba sarki sai Allah ya taya ta. Sannan ya wanke hannu, ya jawo kabeji ya hau yanka na abincin yamma.