Layar Zanar Baba Kallamu

Duk wanda ya san layin 'yan albasa na bayan Kasuwar Ose a Anacha, ya san Awwalu mijin Zakiyya. Duniya ta koma ɗaukar hoto da waya, shi kuwa gogan ya ja da baya, ya sayo tsohuwar kyamara mai fim, wai hoton baƙi da fari shi ne na masu ilimi. Ya kwashe wa matarsa tukwane daga sito, ya liƙe taga da baƙar leda, ya ce nan ɗakin duhu ne, ba mai shiga. Kai ka ce tiyata ake yi a ciki.

Zakiyya ba ta taɓa kula shirmensa ba sai da ta haihu aka yi wa mahaifinta takwara. Baba Kallamu dillalin shanu ne, ya tsufa a kudu, kuma ya ƙi jinin hoto. In ka cire na katin zaɓe, wanda ya fito kamar an kama ɓarawon akuya, ba shi da ko ɗaya. Ga shi ya ɗaure kaya, washegarin suna zai koma arewa gaba ɗaya. Abu ɗaya Zakiyya ke so a duniya: hotonsa rungume da jaririn. Ta yi roƙo, ta yi kuka, har tsoho ya gaji.

"Sau ɗaya fa, Zakiyya. Kada a sake."

Ranar suna Awwalu ya fito da kyamara a wuya yana hura hanci. Mata suka zazzaro wayoyi, ya daka musu tsawa.

"Abeg, a mai da wayoyin nan jaka! Za ku ɓata min haske. Wannan aikin manya ne."

Suka mayar. Ya durƙusa, ya miƙe, ya kwanta a ƙasa kamar ƙadangare, ƙyas, ƙyas, har fim ya ƙare. Da safe tsoho ya hau mota ya tafi.

To, maganin wanke hoton nan tun babbar sallar bara Awwalu ya dama shi. Ya yi amfani da rabi, ya bar rabi a jarka ƙarƙashin rufin kwano, zafin Anacha na dafa shi, iska na cinsa. Irinsa kuwa ba ya wari, ba ya sauya launi, mutuwar fuju'a yake yi. Masu sana'ar sukan yanki ɗan bakin fim su tsoma su ga ko zai yi baƙi. Awwalu? Ina! Ya ɗaga jarka ya ga garau, ya ce ai wancan karon ma ya yi aiki.

Zakiyya na tsaye a ƙofar sito da goyo, har ƙafarta ta yi tsami. Can ya fito riƙe da fim yana ɗiga. Ta karɓa ta ɗaga wa rana. Fari fat, kamar ledar ƙanƙara. Ba tsoho, ba jariri, ba komai.

"Malam, ina Baba?"

Ya sosa ƙeya, ya dubi sama, ya dubi ƙasa. Sai ya rage murya.

"Kin san dillalan shanun nan da shiri. Wallahi Baba layar zana gare shi. Fim bai kama shi ba."

"Uhm. Jaririn fa? Shi ma da layarsa aka haife shi?"

"Ai yana jikinsa, ta shafe shi."

"Ragon suna fa? Da Hajiya Maijidda da ta cika rabin tsakar gida?"

Hajiyar kuwa tana bayan katanga tana shanya, kunnenta a miƙe. Kafin azahar labari ya kai wurin masu barkono.

Zakiyya ta koma ɗaki ta kira mahaifinta, ta gaya masa hoton bai fito ba, ta ce ko za su zo da sallah a sake. Tsoho ya yi dariya har da tari.

"Allah ya tsare ni, ke kina so ki mai da ni? Ki kawo min takwara in gan shi. Mijinki kuma ya zo hannu biyu, ban da kyamara."

Ta ajiye wayar. Awwalu ya leƙo a hankali, wai zai yi odar sabon magani daga Legas.

"Ka yi," in ji ta, ko kallonsa ba ta yi ba. "In ya zo ka jiƙa ka sha."